Neman kalma: me za mu kira "threat multiplier" da Hausa?

Mai fassara, Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya, ina neman agaji. Masu binciken manufofi, wato waɗanda ke rubuta wa gwamnatoci da ƙungiyoyin duniya rahoto kan abin da ya kamata a yi, da zarar sun zo batun sauyin yanayi da tsaro sai ka ji sun ce "threat multiplier". Nufinsu shi ne fari da ambaliya da kwararowar hamada ba su ne ke haifar da rikici ko gudun hijira da kansu ba, amma in suka tarar da matsala a ƙasa sai su ƙara mata ƙarfi. A shirin rediyo zan karanta, shirin da manoma da makiyaya ke saurare, don haka ba na son kalmar da sai mai digiri zai gane. Abin da na ga ana rubutawa shi ne "mai ninka barazana". Ban ce kuskure ba ne, kunnena ne dai bai karɓa ba. Wa ke da wadda ta fi?

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban ga laifin "mai ninka barazana" ba. Kalmar daga lissafi ta fito, mu ma muna da ninkawa da ruɓanyawa. Fassara amana ce, abin da suka faɗa shi za mu faɗa.

Malamin jami'a, Birnin Kebbi:
Amana ce, gaskiyarka, amma amanar ma'ana aka ba mu, ba ta haruffa ba. Ku bari in faɗi inda kalmar ta fito, don nan ne taurinta yake.

Ba masana yanayi suka ƙirƙiro ta ba, daga wajen sojoji ta zo. A watan Afrilun 2007 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna CNA ta tara tsofaffin janar-janar da manyan hafsoshin ruwa su 11, suka fitar da rahoto kan sauyin yanayi da tsaron ƙasarsu. Sherri Goodman, wadda ta jagoranci aikin, ita ta ƙera kalmar, ta kwaikwayi wata da sojoji suka saba faɗa game da duk abin da ke ƙara wa runduna ƙarfi ba tare da an ƙara yawan dakaru ba. A cikin watan nan ne kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zamansa na farko kan batun, Birtaniya na shugabanci. Daga nan ta bazu. A Maris ɗin 2017 ƙudurin kwamitin mai lamba 2349, na yankin Tafkin Chadi, ya lissafa sauyin yanayi cikin abubuwan da ke dagula zaman lafiyar yankin. A Disambar 2021 maƙwabciyarmu Nijar da Jamhuriyar Ayilan suka kawo daftarin da zai sa batun ya zauna daram a ajandar kwamitin. Ƙasashe 12 suka amince, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu a nan.

To, in ka ce wa Bahaushe abu ya ninka, abin da zai tambaye ka shi ne sau nawa. Kuma ba mu da amsa. A 2019 mujallar Nature ta buga wani nazari da aka tara masana 11 waɗanda suka daɗe suna jayayya da juna kan wannan batu. Ƙiyasinsu shi ne yanayi ya yi tasiri a kan kashi 3 zuwa 20 cikin ɗari na haɗarin ɓarkewar yaƙin cikin gida a ƙarnin da ya wuce. Abubuwan da suka sa a gaba da shi su ne talauci, raunin hukuma, fifita wata al'umma a kan wata, da tarihin rikicin da bai daɗe da lafawa ba. Kwamitin masana yanayi na duniya, IPCC, shi ma a rahotonsa na 2022 ya ce in aka gwada da sauran dalilai na tattalin arziki da zamantakewa, tasirin yanayi a kan rikici mai rauni ne. Wannan ba ninki ba ne. Ni abin da nake rubuta wa ɗalibaina shi ne "mai ta'azzara barazana".

Mai fassara, Gusau:
Na gode Malam, wannan tarihin ma zan saka shi a shirin. Sai dai "ta'azzara" kalmarmu ce ta ɗakin labarai. Ana gane ta, amma ban taɓa jin wata tsohuwa a kasuwar Ɗansadau ta furta ta ba. Kuma kullum cewa muke yi abu ya ta'azzara, kamar shi ya yi wa kansa. In ka ce "mai ta'azzara" sai harshe ya yi tuntuɓe.

Dattijo, Talatar Mafara:
Ɗiyana ku bari tsoho ya sa baki. Jikana ka rubutawa, ni ka hwaɗi. Wanga abu da kuka nema ai maƙera sun daɗe da ba shi suna: ɗan zuga. Ba shi ka kunna wuta ba, ba shi ka bugun ƙarhe ba, amma in babu shi ƙarhe ba ya yin ja.

Kuma zancen Malam gaskiya na. Mun ga hwarin 1973, mun ga na 1984. Gero ya ƙone ga gona, shanu sunka mutu har hwata ta rasa mai saye, 'yan'uwanmu na Nijar sunka kwararo muna da ɗan abin da ya rage musu. Iyayenmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1914, da 'Yar Gusau ta 1942. Duk cikin waɗanga ba mu ji inda mutum ya ɗauki bindiga ya tashi ƙauye ba. Yanzu damina ta hi ta 1984 nesa, amma gonar ta gagari mai ita. To wa za ya ce min ruwa na kaɗai?

In kuwa sauyin ƙasa da ruwa aka magana, mu nan mun gani da ido. Anka gama dam na Bakolori 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, mutanen ƙasa kuma hwadamarsu ta bar samun cikowar da ta saba, shinkahwa da kihi sunka ja baya. Ga watan Afrilun 1980 manoma sunka tsaya kan zancen diyya, anka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, anka kashe mutane. Wancan ba sama ta kawo shi ba, hannun mutum na.

Malamin Islamiyya, Gummi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Misalin maƙera ya zauna, amma ina da ja a kan sunan. Yau in aka ce ɗan zuga, ba maƙera ke zuwa a zuciyar mutane ba, munafukin da ke haɗa mutum biyu faɗa ne. Zagi ne. Fari da ruwa da iska kuwa ba su da niyya, umarni suke bi. Hadisi ya hana zagin zamani, wani ya hana zagin iska. In ɗan'uwanmu ya hau rediyo ya ce damina 'yar zuga ce, kafin ya sauka an fara kiran waya, kuma ba a kan burtali za a yi maganar ba, a kan aƙida za a yi ta. Don haka nake ganin a guji "fitina" ma, kar wani ya kawo "mai tada fitina". Mai tada fitina la'ana ake bin sa da ita a bakin mutanenmu.

Dattijo, Talatar Mafara:
Allah ya gahwarta Malam, na janye sunan. Wutar dai a bar min ita.

Ɗan makiyaya, Zurmi:
Ni tsorona ba a kan daɗin kalma yake ba. Tsorona shi ne kowace kuka zaɓa, gobe wani babba zai hau mumbari ya ce sauyin yanayi ne ya kawo ta'addanci Zamfara, a tafa masa, ya sauka. Hamada ba ta da ofis, ba a kai ta kotu, ba ta tsayawa zaɓe. Babu wanda ya fi ta daɗin ɗora wa laifi.

Alhali abin da ya faru a rubuce yake. Tun 1965 akwai dokar Jihar Arewa ta keɓe wuraren kiwo. Rahoton da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a watan Mayun 2020 kan Arewa maso Yamma ya ambaci yadda aka sare dazuka da wuraren kiwo a Kuyambana da Gidan Jaja, cikin ƙananan hukumomin Maru da Zurmi, aka mayar gonaki, rugage suka tashi. Rahoton ya ce daga 2011 an kashe sama da mutum 8,000 a yankin, mafi yawa a Zamfara. Burtali ya toshe, mashaya ta koma lambu. Saniya ta shiga gona, maimakon dattawa su kimanta ɓarna sai magana ta je wajen hukuma, a ci tarar da ta fi ɓarnar. Ɓarayin shanu suka fara da mu kafin kowa. 'Yan sa-kai suka shiga kashe mutum a kasuwa don kamanninsa. Wasu daga cikin namu suka ɗauki bindiga, suka zama abin da suka zama, kuma ba na wanke su, manomin da aka sa wa harajin girbi ko aka ɗauke masa 'ya bai toshe wa kowa burtali ba. Amma a cikin jerin nan wanne ne hamada ta yi?

Ban ce yanayi ba ya ciki ba. Ciyawa ta ragu, tafkunan da ke kai mu bazara yanzu suna ƙafewa da wuri. Shi ya sa ni tawa kalmar ita ce "fami". Sai da ciwo ake fami. Duk wanda ya ji ya san akwai raunin da ya riga.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Kai, fami ta yi. Gajera ce kuma.

Malamar gona, Argungu:
Ta yi kyau ƙanena, kuma na ji zafin da ke cikin maganarka. Amma fami abu ne na lokaci guda, an taɓa, ka yi ƙara, ya wuce. Ba ya nuna abin yana girma yana kama na kusa da shi. Abin da muke gani a gona kuwa girma yake yi.

Ku duba damina ta 2020 a nan Kebbi. Ambaliya ta shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa, daga Argungu har ƙasar Yauri. Ambaliya ba baƙuwa ba ce ga Bakabe, da cikowar gulbi muke noma tun kaka da kakanni. Abin da ya bambanta shi ne ta tarar da manomi da bashi a wuya. Tun Nuwambar 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, mutane da yawa sun karɓi iri da taki da injin ban ruwa a kan za su biya da shinkafa. Ruwa ya tafi da shinkafar, bashi ya zauna. Wanda da can asarar shekara guda zai yi, sai ga shi yana sayar da ɗan bijimin huɗa, yaran gida suna tafiya Kudu ko ramin zinare. Ba ruwan ya ƙirƙiri bashin ba, ba shi ya hana a yi wa gonar inshorar da za ta biya da wuri ba.

Tunda Baba ya ce a bar masa wutarsa, ni ga tawa: "mai rura barazana". Ku lura, hura daban, rura daban. Mace ta hura wuta, wato ta kunna ta tun daga farko. Rurawa kuwa sai wutar da ta riga ta kama. Kuma don hankalin Malam na Gummi ya kwanta, iska ma tana rura wuta, kowa na faɗa a lokacin hunturu in gobara ta tashi, ba wanda ya ɗauke shi zagi.

Malamin Islamiyya, Gummi:
Wannan ba ni da ja, Malama. Siffanta aiki ne, ba jingina mugun nufi ba.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
To Anti, mu dunƙule ta ta zama kalma ɗaya kamar manomi da maƙeri. Maruri. Marurin barazana.

Malamar gona, Argungu:
Rufa mana asiri. Da ka faɗa a rediyo rabin masu sauraro maruru za su ji, su ɗauka shirin lafiya ne.

Malamin jami'a, Birnin Kebbi:
Na bar tawa, na bi ta Malama, kuma ga dalilin da ya fi ƙarfi a wurina. Rura aikatau ne da ba ya tsayawa shi kaɗai. In ka ce "yana rura", dole a ce maka rura me. Wannan shi ne maganin tsoron ɗan'uwanmu na Zurmi. Ta Turancin tana barin mai magana ya tsere ba tare da ya faɗi wace barazana ba, har wasu masu bincike sun fara gudunta saboda haka. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Sitokhom, alal misali, ta fi son a bi sawu a nuna hanyar da abin ke bi, kuma hanyoyi huɗu take lissafawa: lalacewar abin dogaro na rayuwa, sauyin ƙaura da zirga-zirga, yadda masu ɗauke da makami ke cin moriyar halin da aka shiga, da yadda masu iko ke amfani da shi su handame ƙasa da ruwa. Duk huɗun akwai su tsakanin Dajin Sububu da Kuyambana, kuma biyu na ƙarshe mutane ne ƙarara. Tamu ta Hausa tana tilasta wannan bin sawun tun daga nahawu.

Wani abu kuma da ya kamata a gyara a shirin. Mun saba da cewa ruwa ne ke raguwa, hamada na tahowa. Baba ya faɗi daidai, ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo bayan shekarun 1980. Abin da ya sauya shi ne yadda yake zuwa. Wani nazari na 2017 ya nuna manyan guguwowin ruwa na Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Ga inda "ninka" ta dace, don akwai adadi. Ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki ana kallon sama.

Sai rabi na biyu na kalmar. Na so a ce "haɗari", don "barazana" asalinta ta mutum ce, wanda ya zare maka ido. Amma mafi yawanmu a waya ba ma sa ƙugiyar harafi, sai a rubuta hadari, kuma a rubutun da ke maganar damina "mai rura hadari" zai zama abin da ke haɗo gajimare. "Hatsari" kuma mota yake kawowa a zuciya. Tunda kafafen labarai sun riga sun saba mana da barazanar ambaliya da barazanar yunwa, a bar "barazana".

Kuma tana da kishiya, wanda fami ba shi da ita. Rahoton Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 bai tsaya ga abin da ke ƙara barazana ba, ya kawo abubuwan da ke rage ta, irin su daidaita sana'a da sabon yanayi, bunƙasa tattalin arziki, shugabanci nagari da riga-kafin rikici. Wuta ta ruru, wuta ta lafa. Sai mu ce "mai lafar da barazana". Burtalin da aka shata aka kiyaye, sulhun ɓarna a gaban hakimi da arɗo, sanarwar ambaliya da ta iso kafin ruwa, duk nan suka faɗa.

Ma'aikaciyar lafiya, Anka:
Ina bin ku shiru. Malam, tambaya: gubar dalma fa? A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, Bagega kuma sai 2013 aka samu aka tsabtace ta. Dutsen zinare ake kawowa gida, a niƙa shi a injin hatsi, mata su daka a tsakar gida, ƙurar ta zauna inda yara ke rarrafe. Wannan ma matsalar muhalli ce. Ita ma mai rura barazana ce?

Malamin jami'a, Birnin Kebbi:
A'a Malama, kuma gara da kika kawo ta, don a san iyakar kalmar. A can dalma ita ce barazanar da kanta, ita ta yi kisan. Abin da ya rura ta shi ne tashin farashin zinare a duniya a shekarun, da talaucin da ya sa noma bai isa riƙe gida ba. Haka ambaliyar da ta rushe ɗaki a kan mutane, wannan ba rurawa ba ce, bala'i ne kai tsaye. Kalmarmu ba laƙabin sauyin yanayi ba ce shi kaɗai, matsayi ne da abu kan hau a wani labari ya sauka a wani. Zinaren ma da ya zama guba a 2010, daga baya ya shiga zancen tsaro har Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019.

Ɗan makiyaya, Zurmi:
Na yarda da rura, da sharaɗi. Duk inda aka faɗe ta a faɗi wutar da sunanta. Kar in ji "mai rura matsalolin tsaro" an yi shiru. A ce rikicin burtali, a ce bashin manoma, a ce rashin adalcin shari'ar ɓarna.

Mai fassara, Gusau:
Na karɓa da sharaɗin. Ga yadda zan karanta, ku duba min: "Masu bincike na kiran sauyin yanayi mai rura barazana. Ba shi ya toshe burtali ba, ba shi ya kawo bindiga daji ba, amma idan tafki ya ƙafe da wuri ko ruwa ya cinye gona, rikicin ƙasa da ke tsakanin manomi da makiyayi sai ya ƙara ruruwa." In abubuwa da yawa ne zan ce "masu rura barazana", kishiyar kuma "masu lafar da barazana".

Malamar gona, Argungu:
Cire "rikicin ƙasa", za a ɗauka Najeriya kake nufi. Ka ce rikicin gona da makiyaya.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Ni dai Malam, in ta fito a jarrabawa na rubuta "mai ninka", za a ba ni maki?

Malamin jami'a, Birnin Kebbi:
Rabi. Sauran rabin sai ka faɗa min sau nawa.